Hantar Dundumi

Samarin da ke zama gefen rumfata a kasuwar Isa gani suke fawa ba aiki ba ce. Wai ka kayar da sa, ka sa wuƙa, ka rataye nama, sai miƙa hannu. Kwanakin baya wani daga cikinsu, waya a hannu, tabarau a goshi, ya ce in shi ne wata guda ya ishe shi ya ƙware. Ban yi masa gardama ba. Na miƙa masa kan tunkiya da 'yar wuƙa, na ce ya fitar mani da ido ɗaya ba tare da ya fasa shi ba. Ya yi ta ƙwaƙula yana cije leɓe, har ruwan idon ya tsarto masa a gaban riga, abokansa suka kwashe da dariya. Na ce to, kwana ɗaya ya tafi cikin watan naka. Saboda irinsa nake son in faɗi abin da na gani a wannan sana'a, musamman wajen ido, don a nan na fara, kuma a nan ta fi ba ni ciwo.

Sunana Labbo. Mahaifina manomi ne a Kamarawa, fawa ta wajen uwa ta zo mani. Wan mahaifiyata, Kawu Nomau, mahauci ne a Sabon Birni, shi ya roƙa aka ba shi ni tun ban fara azumi ba. Na tafi ina murna za ni riƙa cin tsire kullum. Abin da na tarar shi ne tulin kawuna da ƙafafu. Kawu bai yarda in taɓa wuƙar yanka ba, bai yarda in matsa kusa da fiɗa ba, sai babbaka da kankara. Ka hura wutar kara, ka yi ta juya kan sa har gashi ya ƙone wuta ba ta ci fata ba, ka kankare, ka wanke, ka sa gatari ka raba shi biyu ƙwaƙwalwa ba ta watse ba. Kayan aikina gatari ne mai guntuwar ƙota, da dutsen washi da ya yi rami a tsakiya, da wata 'yar wuƙa da washi ya cinye har ta koma kamar ganyen albasa. Hayaƙi ya shige mani fata, in na wuce 'yan mata sai su toshe hanci su ce ga ganda nan tafe.

Masu sayen kai ba su da sauƙi. Akwai wata tsohuwa mai dafa langaɓu a bakin tasha, ita ta fara koya mani duban ido. Kan da ya kwana ba ya ɓoyuwa gare ta. Ba ta shinshinawa, ba ta tambaya, fatar idon kawai take ɗagawa da babban yatsa. In baƙin idon yana sheƙi har kana ganin fuskarka a ciki, yankan yau ne. In ya dushe, ya yi hazo, ya lotsa, sai ta tura mani shi da ƙafa ta ce, "Kai ma kakarka."

Wata rana aka yanka wani farin sa gudale, Kawu ya ga ina ta juya idon a hannu maimakon in yi aiki. Na ɗauka mari za ni sha. Sai ya tsuguna ya karɓi 'yar wuƙata, ya tsaga idon ta gefe a hankali. Ruwa mai kauri ya fito, a cikinsa wani ɗan ƙwallo garai-garai. Ya ɗora mani shi a tafin hannu, sai na ga zanen tafina ya kumbura a ƙarƙashinsa. Ya juye kwanyar idon, ya nuna mani wani tantani mai ruwan toka da ke shimfiɗe a ciki, bai kai kaurin yanar da ke kwanciya saman kunu ba. Da ya ɗaga shi da bakin wuƙa, sai ga wani launi a ƙasa, kore-kore shuɗi-shuɗi, yana walƙiya kamar wuyan zakara. Daga can baya kuma wata farar jijiya ta fita, ita ce in ka fasa kai za ka ga ta shige ƙwaƙwalwa.

"Ka ga wanga mai ƙyalli?" in ji Kawu. "Shi na madubin saniya. Shi ka sa idonta walƙiya in an haska mata hitila. Akuya na da shi, kyanwa na da shi. Kaza ba ta da shi, mutum ba shi da shi."

Na ce, "Kawu, ƙaƙa anka yi ka san na mutum? Ka taɓa hwasa shi?"

Ya ƙwale ni a ƙeya. "Haska ma uwarka tocila ka gani in idonta na ƙyalli awa na kyanwa, sakarai."

Daga ranar ban bar ido ya wuce ni ba. Na fasa na raƙumi, na fasa na zabo, na roƙi masunta idon kifi. Madubin, wani na da shi wani babu, amma tantanin nan mai ruwan toka ban taɓa fasa ido na rasa shi ba. Ban san aikinsa ba. Da na tambayi Kawu, sai ya ce Allah bai sa shi can don banza ba, in koma bakin wuta.

Akwai wata al'ada a rumfar Kawu, kuma haka take a rumfunan mahautan yankinmu da na sani. Duk bazara, in ganye ya ƙare a daji, dundumi yakan kama yara da mata masu ciki. Mai dundumi da rana garau yake gani. Da rana ta faɗi sai ya koma kamar kaza, inda magariba ta same shi nan zai zauna, ko kwanon tuwo a gabansa sai ya lalubo. Maganinsa hanta, kuma hantar dundumi ba a sayar da ita. Mai bukata ya zo ya faɗa, a yanka masa daga yankan ranar, sadaka. Duk wanda Kawu ya miƙa wa, magana ɗaya yake yi masa: "A gasa, a ɗiga, a ci." Wato a ɗora ta bisa garwashi, in ta fara tsatsafo da ruwa a ɗiga ruwan a ido, sannan mai ciwon ya cinye. Kafin kasuwa ta zagayo za ka ga yaron yana guje-guje bayan magariba. Mutane sun ɗauka ƙarfin maganin yana wajen ɗigawar, tunda ita ke taɓa ido, cin kuwa don kada a yi asarar nama ne. Ni ma haka na ɗauka, har na yi aure, Kawu ya sallame ni, na dawo Isa na kafa rumfata.

A Isa na san Manu. Bafulatani ne, rugarsu tana tsakanin Turba da Tozai, yana kiwo yana ɗan noma gero. In saniya ta tsufa ni yake kawo wa. Da an gama ciniki sai ya juya baya ya yi nisa, ba ya tsayawa ya ga an kayar da ita, kuma ko loma ɗaya ta namanta ba ya ci. Yana ce mani Kaɗo, ina ce masa agwai. Da damina matarsa Jumma takan aiko wa iyalina man shanu, ni kuma in ba su ƙashin miya na dabbar da ba tasu ba. 'Yarsu ta fari sunanta Hajjo. A bakin kakarta na ji sunan, don iyayen ba sa faɗinsa. Kun san kunyar ɗan fari, mu ma muna yi, amma ta Fulani ta fi tamu nisa. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi gaban mutane, ba ta nuna ta damu ko da ciwo yake yi. Kakar ce ke riƙe da Hajjo, ita ke jawo ta kasuwa, in ba ta tsinken tsire ta ɓuya bayan zanen tsohuwar tana ci tana leƙena.

Sai fari ya zo, shekara biyu a jere. Ta farko gero ya yi bununi ya tsaya. Ta biyu ko shuka ba ta tashi ba. Gulbi ya zama rairayi, mutane suka koma tonon gidan tururuwa suna neman tsaba. Ku da kuke ganin arhar dabba daɗin mahauci ce, ban taɓa ganin arha irin ta shekarar nan ba, kuma ban taɓa ƙin sana'ata irin lokacin ba. Ana kawo saniya a amalanke don ba ta iya tafiya. Ka yanka, jinin ɗan kaɗan, naman ba kitse ko na shafa wa wuƙa, ɓargo ya zama ruwa. Ka rataye, babu mai saye. Muka yi ta kilishi har tabarmin shanya suka ƙare.

Abin da ya fi tsaya mani a rai shi ne yanka masu ciki. A fawa abin kunya ne, Kawu ya taɓa korar mutum daga rumfa a kan haka. Amma shekarar nan in ba ka yanka ba mushe za ta yi kafin dare. Na ga 'yan tayi iri-iri, daga mai girman ɓera har mai gashi. Na lura ido na cikin abin da ke fara bayyana. Tayi bai fi babban yatsa ba, ƙafafu ba su gama rabuwa ba, amma ga ɗigon baƙi biyu a kai, sun yi wa kan yawa. Waɗanda aka haifa kuwa, da yawa makafi suka zo, ido a buɗe tas, maraƙi yana karo da uwarsa. Manyan shanun su ma da yamma ta yi sai su riƙa tuntuɓe da turke, suna faɗawa rami. Fulani suka ce dundumi ya kama shanu, abin da tsofaffinsu kaɗai suka taɓa gani.

A cikin wannan hali kakar Hajjo ta rasu. Ƙanen Manu kuma ya kwashi shanun da ke da sauran ƙarfi ya yi kudu da su shi da matarsa, ya bar wa Jumma 'ya'yansa uku ƙanana amana, don ba za su iya tafiyar ba.

Wata ranar kasuwa Manu ya kawo wata jar saniya, ƙashi da fata. Aka gama ciniki, ya juya baya kamar kullum, amma bai tafi ba. Na yanka, na feɗe, na rataye, yana tsugune can gefe da sanda a kafaɗa. La'asar ta yi, kasuwa ta fara watsewa, yana nan. Na je na tsuguna kusa da shi.

"Agwai, lahiya? Ko kuɗin ba su cika ba?"

"Sun cika."

"To mi ya hana ka tahiya? Rana za ta hwaɗi."

Ya yi ta zane a ƙasa da tsinke. Can ya ce, "Kaɗo, akwai wata yarinya can wajenmu. In rana ta hwaɗi ba ta gani."

"Wace yarinya? Cikin ɗiyan ƙanenka?"

"A'a. Waccan dai. Wadda tsohuwa ta bari."

Na gane Hajjo yake nufi. Na ce, "Tun yaushe?"

"An ɗan jima."

Raina ya ɓaci. Na ce masa barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa, ɗiyarka na laluben ƙwarya kana nan kana zane a ƙasa tun hantsi. Na tashi na yanko masa hanta mai yawa, na naɗe a takardar siminti, na faɗa masa abin da Kawu ke faɗi: a gasa, a ɗiga, a ci. Na ce duk kasuwa ya zo ya karɓa, ba sai ya buɗe baki ba.

Haka aka yi. Duk ranar kasuwa in na yanka sai in ware tasa in rufe da faifai. Ya zo ya tsaya kamar mai kallon nama, in miƙa masa, ya sa cikin riga. In na ce, "Ƙaƙa mai ido?" sai ya ce, "Da sauƙi." Kun san mutanenmu, ko mutum na bakin kabari da sauƙi ake cewa. Amma abin ya fara damuna, don ban taɓa ganin dundumin da ya ci hanta sau biyu bai gudu ba, ga wannan kasuwa tana zagayowa tana sake zagayowa. Sai kuma wata kasuwa Manu bai zo ba. Na tambayi masu nono, da ƙwaryarsu rabi ruwa, suka ce baƙon dauro ya shiga rugagen wajen Tozai.

A ranar ne Malam Sahabi ya zo duba nama. Malamin dabbobi ne, shi ke zagaya kasuwanninmu yana duba huhu da hanta kafin a sayar. Mutum ne mai son hira, in ya fara bayani sai ka ja kujera. Ya ɗaga faifai ya ga hantar da na ware, ya tambaya ta wane ne. Na ba shi labari. Ya juya ta, ya latsa, ya tsaga. Fara-fara ce, ta yamushe kamar tsohon takalmi.

"Labbo," ya ce, "wagga hanta rumbu ta da ba hatsi ciki."

Ya sa na ɗauko idon saniyar na tsaga, ya nuna tantanin nan mai ruwan toka da na yi shekaru ina kallo. Ya ce gani duk a nan yake. Ƙwallon da ruwan hanya ce kawai ta haske, madubin kuma maido da haske yake yi don ya sake bi ta tantanin. Ya ce tantanin reshen ƙwaƙwalwa ne, tun tayi bai kai ƙwayar wake ba yake tsirowa daga cikinta, shi ya sa nake ganin ido da wuri a 'yan tayi. A makaranta, in ji shi, an nuna masu shi a na'urar da ke ƙara girman abu, sun ga cike yake da wasu 'yan halittu a jere, a tsaitsaye, ba su ƙirguwa. Ya share ƙasa da tafin hannu ya zana mani iri biyu. Wasu dogaye sirara kamar tsinken tsire, wasu masu tsini kamar jinkar ɗaki. Masu kama da jinka na rana ne, su ke rarrabe launi, amma sai haske ya yi ƙarfi suke aiki. Masu kama da tsinke na duhu-duhu ne, ɗan hasken tauraro ma ya ishe su. Kaza jinka ta yi mata yawa, shi ya sa take shiga akurki da wuri. Kyanwa da saniya tsinke ya fi yawa. Mutum yana da duka, jinka a tsakiya, tsinke a kewaye. Ya ce kifi da kwaɗo da tsuntsu duk irin ginin nan ne, masana na cewa asalinsa ɗaya ne mai daɗewa, tun daga halittun ruwa, kowace dabba ta ɗauki rabon da ya dace da zamanta. Wannan na bar wa Allah saninsa, amma na san na fasa idon kifi na ga tantanin.

Na ce, "To Malam, ina ruwan hanta da wanga duka?"

Ya ce 'yan tsinken nan ba sa kama haske sai da wani sinadari, kuma kullum yana ƙarewa ana sake zuba masu. Daga ɗanyen ganye yake fitowa, da man shanu, da manja. Dabba ta ci, ta tara a hanta, jini ya riƙa ɗiba yana kai wa ido. In ya yanke, masu aikin dare ke fara kwantawa, shi ne dundumi. Saniyar da ta shekara ba ta ga ɗanyar ciyawa ba, ita kanta tana tuntuɓe da magariba, me ta tara da za ta ba wani?

"Kuma ka ji," ya ce, "ɗigawar nan ba ta komi. Ta ciki abin ka bi. In ba a ci ba, ba a yi magani ba."

Na gaya masa zancen baƙon dauro. Sai na ga fuskarsa ta canza, hirar ta tsaya. Ya ce wannan ciwo yana ƙone ɗan abin da ya rage a jikin yaro, in ya haɗu da dundumi ba a tantanin ciki yake tsayawa ba, gaban idon ne ke bushewa ya narke, kuma wannan ba ya dawowa. Ya ce in nemi hantar akuyar da ke samun ganyen gawo, don gawo ne kaɗai ke da ɗanyen ganye da rani, kuma kada in jira kasuwa ta zagayo.

Na rufe rumfa na hau keke zuwa Kamarawa. Akwai wata gwaggona da ke da jar akuya guda, ana sassabo mata gawo kullum, ita kaɗai ta rage mata. Na faɗa mata dalili. Ta shiga ta kwanto igiyar da hannunta. Da asuba na yanka. Da na buɗe cikin sai da na yi hamdala, hanta ja wur har tana baƙi-baƙi, mai nauyi, irin wadda na manta kamanninta. Na naɗe ta da 'yar tsoka, na ɗaura a bayan keke. Hanyar Tozai rairayi ne, rabi ina tuƙawa rabi ina turawa, ga mushen shanu dama da hagu, ungulu sun ƙoshi har ba sa tashi. Rana tana tsaka na isa.

Manu na zaune gindin wata aduwa da ba ganye. Ya ga ni, ya ga ƙunshin, ya sunkuyar da kai. Jumma ta kawo ruwa a ƙwarya ta gaishe ni daga nesa. Na ce a ba ni garwashi. Ina ɗora hantar ƙamshi ya tashi, sai ga yara uku sun fito da gudu daga bayan bukka, 'ya'yan ƙanen Manu, suna "Hanta! Hanta!" Suka jeru a gabana daga babba zuwa ƙarami, kowa ya buɗe tafin hannu. Yadda suka jeru ɗin nan, ba yau suka fara ba.

Na ce, "Jumma, hantar da nika aikowa, wa ka cin ta?"

Ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Ana ɗiga mata. Wallahi ko sau ɗaya ban hwasa ba. Har sai ruwan ya ƙare nika ɗaukewa."

"Naman hwa?"

"Magani ya riga ya hita, saura nama." Muryarta ta yi ƙasa. "Ɗiyan mutane na hannuna, uwarsu ba ta nan, yunwa sukai. In ɗauki nama in ba tawa, ta hwari, suna kallo? Mi za a ce da ni?"

Matar nan ba mugunta ta yi ba. Ita kanta ƙashin wuyanta ya fito, na tabbata ko ɗanɗane ba ta taɓa yi ba. Abin da aka koya mata shi ne mutunci, shi ta yi, kuma da a ce shekarar ƙoshi ce da yabonta za a yi.

Na ce a fito da Hajjo. Jumma ta shiga bukka ta riƙo hannunta. Ta rame ƙwarai, fatarta na saɓa inda ƙurajen suka bushe, idanunta a rufe. Aka zaunar da ita a tabarma gabana. Na ce, "Hajjo, Bappa Labbo na, mai tsire." Ta ɗan yi murmushi. Na sa babban yatsa na ɗaga fatar idon dama, sannan ta hagu. Na shekara nawa ina ɗaga fatar ido, na san abin da na gani. Baƙin ya dushe, ya yi fari, ya lotsa. Irin idon da tsohuwa mai langaɓu ke turo mani da ƙafa ne, a fuskar yarinya mai rai.

Hantar ta gasu. Da ƙamshin ya matso kusa da ita, sai ta ɗaga fuska sama, ta sa 'yan yatsunta ta buɗe idanun da kanta, tana jiran a ɗiga. Abin da ta sani ke nan game da hanta. Na kama hannunta na sauke, na sa mata yanka a tafi.

"Ci za ki yi."

"Ni?"

"Ke. Duka taki ta."

Ta juya kai wajen da take jin numfashin uwarta. Jumma ta ce, "Ci." Ta ci a hankali, tana tsotsar yatsu. Na yanka wa sauran yaran tsokar akuyar don su bar kallonta. Da ta cinye yanka na biyu sai ta ce, "Bappa Labbo, don mi ka taho da dare? Ba ka tsoron kura?"

Rana tana bisa kanmu, inuwar kowa na ƙarƙashinsa. Ta saba in duhu ya rufe ta, ta zauna ta jira safiya, to jira take yi. Ta ce a ajiye mata sauran sai gari ya waye, tana son ta ga irin hantar da ake ba mutum duka. Manu ya tashi ya ɗauki sandarsa ya nufi daji, bai waiwayo ba. Jumma ta durƙushe inda take, ta jawo yarinyar ta rungume a gaban kowa, tana kuka da ƙarfi. Ni ma na yi kuka, ba na jin kunyar faɗi.

Mun kai ta asibiti a kan jaki. Malaman asibitin suka ce hantar ta taimaki ranta, don yaran da suka kai wannan hali da yawa ba sa tashi, amma idanun sai haƙuri. Da damina ta zo ruwa ya sauka kamar ba a taɓa fari ba. Ciyawa ta fito, 'yan shanun da suka rage suka daina tuntuɓe, yaran da ke da dundumi a garuruwa duk suka warke da ganyen tafasa da rama. Na ƙi jinin koren shekarar nan. Manu bai sake kirana Kaɗo ba har ya rasu, sai Labbo, kamar baƙo.

Tun daga nan na canza yadda ake ba da hantar dundumi a rumfata. Har yau sadaka ce, amma ba ta barin rumfa. Ba na ba uba, ba na ba uwa, ba na ba ɗan aike. A kawo mai ciwon, in gasa a tukubata, ya ci a gabana. An ce mani mai taurin kai, an ce na raina mutane, wani dattijo ya taɓa cewa na mai da sadaka abin tozarci. Na ce ya yi haƙuri, ya kawo yaron. Kuma ba na yanka ta daga dabbar da ta rame, ko da ita kaɗai na kayar ranar, gara in je rumfar wani in roƙo.

Hajjo tana nan da ranta, ta manyanta, har ta yi furfura a gefen kai. In bazara ta yi tsanani, ita ke tattaro yaran rugage masu laluben magariba, a riƙo mata sanda har rumfata. Takan zauna a kan benci ta jera su kusa da ita, ta tambaye ni ko akuyar ta ci ganye. In na miƙa wa yaro, ba ta yarda da "na ci". Sai ta lalubo wuyansa, ta ɗora yatsu biyu a maƙogwaronsa, ba ta ɗagawa sai ta ji ya haɗiye.